Yadda majalisar Malta ta amince da kundin tsarin mulkin Turai bayan Faransa ta yi watsi da shi

A ranar 6 ga Yulin 2005, majalisar dokokin Malta ta amince da kundin tsarin mulkin Tarayyar Turai ba tare da ko ɗan majalisa ɗaya ya ƙi ba. Ga mai kallo daga nesa, abin ya yi kama da ihu bayan hari, domin makonni biyar kafin nan al'ummar Faransa da ta Holan sun riga sun ƙi kundin a ƙuri'ar raba-gardama.

Doka ta ce kundin ba zai fara aiki ba sai dukkan ƙasashe 25 na Tarayyar a lokacin sun amince da shi. To me ya sa ƙasa mafi ƙanƙanta a cikinsu ta ci gaba da nata aikin?

Abin da kundin ya ƙunsa

Wani babban taro ƙarƙashin tsohon shugaban Faransa, Valéry Giscard d'Estaing, ne ya tsara daftarin, shugabannin ƙasashen kuma suka rattaba masa hannu a birnin Rum ranar 29 ga Oktoban 2004. Manufarsa ita ce haɗe tsofaffin yarjejeniyoyin Tarayyar cikin kundi guda mai sassa 448, tare da sauƙaƙa yanke shawara bayan shigowar sabbin ƙasashe 10 a watan Mayun wannan shekarar.

Kundin ya tanadi shugaban dindindin ga majalisar shugabannin ƙasashen, da ministan harkokin waje na Tarayyar. Ya kuma shimfiɗa hanyar ficewa ga duk ƙasar da ta ga dama, abin da babu shi a rubuce a da.

An bar wa kowace ƙasa zaɓin yadda za ta amince. Lithuania ce ta fara, ta hanyar majalisa, a Nuwamban 2004. Amma ranar 29 ga Mayun 2005 kusan kashi 55 cikin 100 na masu zaɓe a Faransa suka ce a'a, bayan kwana uku kuma sama da kashi 61 suka bi sahu a Holan. A tsakiyar Yuni shugabannin Tarayyar suka sanar da ɗan hutu domin a sake nazari.

Jam'iyyar da ta sauya matsayi

Malta tsibirai ne a tsakiyar Bahar Rum, tsakanin Italiya da Libiya, faɗinsu murabba'in kilomita 316, mutanenta kuma kimanin 400,000 ne a lokacin. Ta samu 'yanci daga Birtaniya a 1964.

Shiga Tarayyar Turai ya daɗe yana raba kan ƙasar gida biyu. Jam'iyyar Nationalist ce ta nemi shiga a 1990, amma da jam'iyyar Labour ta hau mulki a 1996, Firaminista Alfred Sant ya jingine takardar neman. Damuwar Labour ita ce ƙaramar ƙasa za ta nitse cikin manya, kuma matsayinta na 'yar ba-ruwanmu, wanda aka sa a tsarin mulkinta a 1987, zai raunana.

A ƙuri'ar raba-gardamar Maris ɗin 2003, kashi 53.6 cikin 100 ne kawai suka yarda a shiga. Sai da Nationalist ta sake lashe babban zaɓe wata ɗaya bayan haka kafin maganar ta tabbata.

Wannan tarihi ne ya ba ƙuri'ar 2005 muhimmanci a cikin gida. Gwamnatin Firaminista Lawrence Gonzi tana da rinjayen da za ta iya wucewa da ƙudurin ita kaɗai, amma Labour, wadda har zuwa lokacin take ƙarƙashin Sant, ta yi babban taro ta yanke shawarar mara baya tare da bayyana wuraren da take da ja a kansu. Da haka aka rufe muhawarar da ta shafe fiye da shekara goma tana raba 'yan ƙasar.

Ribar ƙaramar ƙasa

Malta tana da abin da za ta samu a zahiri. Kujeru biyar ne kacal take da su a Majalisar Dokokin Turai a lokacin, kundin kuwa ya ce kada wata ƙasa ta gaza shida, kada kuma wata ta wuce 96.

Tsarin ƙuri'a tsakanin gwamnatoci ma ya kula da ƙananan ƙasashe. Kafin shawara ta wuce, sai ta samu goyon bayan kashi 55 cikin 100 na ƙasashen, waɗanda mutanensu suka kai kashi 65 na al'ummar Tarayyar. A lissafin farko, Malta da Jamus, wadda ta ninka ta kusan sau 200 a yawan jama'a, ƙuri'a ɗaya-ɗaya ke gare su. Haka kuma sai ƙasashe huɗu aƙalla sun haɗu kafin su iya toshe shawara, don kada manya uku su riƙa taka wa kowa burki.

Akwai kuma batun baƙin haure. Jiragen ruwa ɗauke da 'yan Afirka, waɗanda da yawansu suka ratsa Sahara ta Agadez zuwa Libiya, sun riƙa isa gaɓar Malta a waɗannan shekarun. Kundin ya rubuta ƙa'idar raba nauyin 'yan gudun hijira tsakanin ƙasashe bisa adalci, abin da Malta ta daɗe tana nema.

Sai dai akwai abin da za ta rasa. Daga 2014 za a rage yawan kwamishinonin Hukumar Tarayyar zuwa kashi biyu bisa uku na ƙasashen, ma'ana akwai lokutan da Malta ba za ta samu kwamishina ba.

Abin da ya biyo baya

Ƙananan ƙasashe da dama sun yi irin na Malta. Majalisar Latvia ta amince washegarin ƙuri'ar Holan, ta Cyprus ta bi a ƙarshen Yuni, al'ummar Luxembourg kuma suka ce e ranar 10 ga Yuli. Ƙasashe 18 ne suka amince gaba ɗaya, amma kundin bai taɓa fara aiki ba.

Yawan waɗanda suka amince ya ba su ƙarfin dagewa a kan kada a zubar da abin da ke ciki. Yarjejeniyar Lisbon, wadda aka sanya wa hannu a Disamban 2007, ta ɗauko mafi yawan tanade-tanaden, ta ajiye sunan kundin tsarin mulki da sashen da ya ambaci tuta da take. Ireland kaɗai ce ta tambayi jama'arta a wannan karon, abin da masu suka suka ɗauka a matsayin kauce wa masu zaɓe.

Majalisar Malta ta amince da ita baki ɗaya a Janairun 2008, watan da ƙasar ta fara amfani da kuɗin yuro. Ƙin amincewar da 'yan Ireland suka yi a karon farko a 2008 ya sa aka bar wa kowace ƙasa kwamishinanta, don haka Malta ba ta rasa nata ba.

Kujerarta ta shida ta tabbata a ƙarshen 2011. Birtaniya, tsohuwar uwargijiyarta, ta yi amfani da sashen ficewa ta bar Tarayyar a 2020. A Janairun 2022 kuma aka zaɓi Roberta Metsola, ɗaya daga cikin wakilan Malta shida, shugabar Majalisar Dokokin Turai.