Jigon Haƙuri da Mutunci a Fim ɗin Mother India

1.0 Gabatarwa

Finafinan Indiya sun daɗe da samun karɓuwa a gidajen silima na ƙasar Hausa. Wannan maƙala za ta dubi Mother India (1957) na Mehboob Khan, domin fito da yadda ya sarrafa haƙuri da mutunci, ɗabi'u biyu daga cikin waɗanda Kirk-Greene (1974) ya lissafa a siffofin mutumin kirki.

2.0 Haƙuri da Iyakarsa

Tauraruwar labarin, Radha (Nargis), ta tsinci kanta cikin bashin da surukarta ta ciwo wajen Sukhilala mai ba da rance da ruwa. Dutse ya danne hannuwan mijinta, ya bar gida saboda baƙin ciki, sannan ambaliya ta cinye amfanin gona. Duk ta jure. Amma da Sukhilala ya nemi ta ba da kanta a bakin abinci, sai ta ƙi. A nan haƙuri ya tsaya inda mutunci ya fara.

Ɗanta Birju kuwa fushi ya rinjaye shi. Zaluncin da ya tunzura shi gaskiya ne, sai dai ramuwa ta mai da shi ɗan fashi. Da ya kashe Sukhilala ya sace 'yarsa, Radha ta harbe shi da hannunta.

3.0 Kammalawa

Fim ɗin ya nuna cewa wanda aka zalunta yana iya zama azzalumi idan zuciya ta ja shi. Ya kuma bar mai kallo da tambaya mai nauyi: shin mutuncin 'yar maƙiyi ya fi ran ɗan cikinka?