Babi na Bakwai: Farantin da Ke Riƙe Rauta

Duk wanda ya ratsa rumfunan kafintoci a Kugbo, kan hanyar Abuja zuwa Keffi, ya san kukan rauta, injin nan mai fitar da ado a gefen ƙofa da kan gado. Wasu a hannu suke riƙe ta. Masu aiki da yawa kuwa kifa ta suke yi a ƙarƙashin tebur, bakinta ya leƙo sama, su riƙa tura katako a kai. Abin da ke ɗauke da ita faranti ne mai kusurwa huɗu, wanda aka yanke masa gurbi a tsakiyar teburin. Na kanti yakan kai milimita 235 a faɗi, 300 a tsawo. In na alminiyom ne kaurinsa kamar milimita 6, in na roba mai tauri ne kamar 10.

Yadda ake huda shi a ɗaure injin, kowane yaron shago ya gani. A tura katako daga dama zuwa hagu, a rage gudu idan bakin babba ne, shi ke nan.

Inda magana take shi ne daidaito. Sai ka ga kwarmin da aka yanka ya yi sama-sama a tsakiya, ya yi zurfi a ƙarshe, maigida ya ce bakin ya dakushe, ko wuta ce ba ƙarfi, ko masu katakon Dei-Dei sun sayar masa da ɗanye. Haba malam! Ɗora rular ƙarfe a kan teburin ka duba. In haske na ratsawa ta ƙarƙashinta, farantin ya lotsa. Babbar rauta irin ta Makita takan kai kilo 6, kuma dare da rana tana rataye. Guntun filawud da ake cewa "ai zai yi" ba ya jure wannan nauyi. Ga daminar Abuja da ke kumbura shi tun daga Afrilu har Oktoba, hunturu ya zo ya tsotse shi. Shi kansa teburin motsi yake yi, shi ya sa awon bara ba ya yi wa bana aiki.

Gwajin da na fi so ba ya cin ko sisi: ja guntun katako daga tebur zuwa faranti, ka dawo da shi. In ya yi tuntuɓe ko ka ji ƙas, akwai tudu. Farantin kanti yana zuwa da ƙananan kusoshi masu zare da ake murɗawa har ya yi daidai. Wanda ba shi da su ya cusa takardar katin waya a ƙarƙashin kusurwar da ta faɗa, ɗaya bayan ɗaya. Amma a fara share garin katako daga gurbin, don sau da yawa shi ne ke ɗaga farantin.

A zare wayar injin daga soket kafin a taɓa komai.