Inuwa da Kududdufi a Jahun

A watan Afrilu, da rana ta take tsaka a Jahun, kowace sana'ar bakin hanya inuwa take bi. Mai facin taya ya ja kayansa gindin darbejiya, mai rake yana gefensa, 'yan acaɓa sun jera babura suna gyangyaɗi. Inda babu bishiya sai rumfar kwano, ita kuwa kafin azahar ta zama tanda.

Darbejiyar ma baƙuwa ce, daga Indiya aka kawo ta zamanin Turawa, amma ta fi bishiyoyin gida da yawa yi wa gari hidima. Wanda ya dasa ta ya san wahalar shekarun farko. Dashen da bai kai gwiwa ba sai an kewaye shi da ƙaya ko tubali, yaro yana kai masa ruwa a jarka safe da yamma duk rani, akuya kuma tana zagaye tana neman kafa. A nan yawancin dashen gwamnati yake mutuwa. Ana zuwa da damina a dasa, a ɗauki hoto, a watse. Zuwa Maris sai ramuka.

Ba wai babu shiri ba ne. Jigawa tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi ya shafa a Nijeriya, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, aka kafa masa hukuma ta ƙasa a 2015. A Dutse, hedikwatar masarautar da Jahun take ciki, akwai reshen cibiyar NIFOR mai binciken dabino. Sai dai ni a ganina, darasin da ya fi dacewa da Jahun yana Maradi. Tun shekarun 1980 manoman can suka daina tumɓuke kututturen gawo da kalgo da sabara. Suna sassabe tohon, su bar mai ƙarfi ya tashi. Da haka miliyoyin hekta suka farfaɗo a kudancin Nijar, ba gandun reno, ba motar ruwa. Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana.

Matsalar itace tana nan. Muddin gas ya fi ƙarfin aljihun magidanci, uwargida da mai tsire da mai gidan burodi gatari za su aika daji.

Damina kuma da nata hisabin. Ƙasar wannan yanki shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa ba ya gaggawar wucewa. Kududdufin da aka haƙa aka gina unguwa da ƙasarsa shi ne ke shanye ruwan unguwar. Yanzu da gari ke faɗaɗa, fili ya yi daraja, sai a riƙa cike kududdufin da shara da leda har ya tashi, a yanka fuloti a sayar. Ruwan da ya saba kwana a wurin sai ya nemi zauren maƙwabci, ya jiƙa gindin katangar ƙasa har ta zauna. Ambaliyar 2022 ta rushe gidaje masu ɗimbin yawa a Jigawa. Duk da haka, yasar kwata har yanzu aikin gayya ne na samarin unguwa, da shebur da baro na aro, galibi bayan ruwan farko ya riga ya shiga gidaje.