Bushewar Ciki Bayan Aikin Ciwon Dajin Mafitsara: Yadda Za A Lura Da Dattijo A Gida

Sa'ad da dattijo ya dawo daga asibiti bayan an yi masa aikin ciwon dajin mafitsara, jama'a sukan taru a yi masa barka da arziki. A tambayi ciwo, a tambayi barci, a tambayi ko fitsari yana fita. Akwai tambaya guda wadda kunya takan hana a yi, wato ko ya kewaya. Shi ma ba zai faɗa ba. Sai a yi kwana biyar ko shida ciki ya ƙulle, ya shiga masai shi kaɗai yana yunƙuri, har jini ya ɓalle a wurin aikin. Wannan bayani domin magidantan ƙasar Sabon Birni da Isa ne, da matansu da 'ya'yansu masu jinya. Dokar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: kada ya yi yunƙuri. A tausasa bayan gida ta baki har ya fita da kansa.

Inda aka yi aikin

Abin da jama'a suke kira ciwon dajin mafitsara a wurin dattawa, yawanci ba a cikin mafitsarar yake ba. Akwai wata 'yar tsoka a ƙarƙashinta, girmanta kamar ƙaramin goro, likitoci suna kiranta furostet. Maza ne kaɗai suke da ita. Ta kewaye hanyar fitsari kamar zobe a yatsa, bayanta kuma yana jingine da bangon dubura. Ciwon dajinta ya fi kowane ciwon daji yawa a cikin mazan Nijeriya. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 sababbin masu wannan ciwo a Nijeriya sun haura 15,000.

Mutanen ƙasar nan sukan je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, waɗansu kuma sukan ƙetara Maraɗi ko Galmi a Nijar. Aikin iri iri ne. Idan an gane ciwon da wuri, akan cire tsokar gaba ɗaya, a ɗinke mafitsara da hanyar fitsari, a bar robar fitsari mako ɗaya zuwa uku. Wani kuwa akan kankare masa hanya ta ciki domin fitsari ya wuce. Idan ciwon ya riga ya yaɗu, akan yi ƙaramin aiki a maraina domin a rage sinadarin da yake ciyar da shi. A tambayi likita wane iri aka yi, a rubuta a takarda.

Tun da dubura tana daf da wurin, taurin bayan gida yakan danne sabon ɗinki. Yunƙuri yakan buɗe ƙananan jijiyoyin jini, gudan jini ya toshe roba, fitsari ya tsaya. Yakan kuma ja ɗinkin mara, ya ta da basir.

Abin da yake kawo bushewar

Na ɗaya, maganin sa barci da taɓa ciki a lokacin aiki sukan sa hanji ya yi sanyin aiki. Saboda haka kwana uku zuwa biyar ba a kewaya ba bayan babban aiki ba abin tsoro ba ne, muddin iska tana fita, ba amai, ciki kuma bai kumbura ba.

Na biyu, magungunan kashe zafi masu ƙarfi, irin su tiramol da kodin da mofin, sukan rage motsin hanji. Abinci ya daɗe a ciki, jiki ya tsotse ruwansa, ya bushe kamar hoge. Farasitamol ba ya yin haka. Ƙwayar ƙarin jini mai ƙarfe, wadda take mai da bayan gida baƙi, ita ma takan ƙulle ciki. Haka kuma maganin da akan bayar domin murɗar mafitsara.

Na uku, kwanciya. Manomin da ya saba sammako zuwa fadama, yanzu yana kan tabarma dare da rana. Hanji yana bin motsin ƙafa.

Na huɗu, ƙarancin ruwa. Dattawa da yawa sukan rage sha domin kada jakar fitsari ta cika, ko domin fitsari yana zubo musu bayan an cire roba. Wannan kuskure ne babba. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi a ƙasar Sakkwato yakan haura awo 40, zufa ta kwashe ruwan jiki. A hunturu kuma ƙishirwa ba ta damun mutum, sai ya wuni bai sha ba.

Kafin ku bar asibiti

Hanyar gida tana da nisa, ko ta Goronyo aka bi ko ta wani wuri, tafiyar dare kuma ba ta da tabbas. Don haka kada a fito sai an yi wa likita waɗannan tambayoyi:

1. Wane maganin tausasa ciki zai sha, nawa, kuma har kwana nawa?
2. A cikin magungunan da aka rubuta, wanne ne yake ƙulle ciki, yaushe kuma za a daina shi?
3. Akwai ciwon zuciya ko na ƙoda da zai sa a auna masa ruwa?
4. Wace rana za a cire roba, a wane asibiti?
5. Wace lambar waya za a kira idan abu ya faru?

A sayi maganin tun a birni. A gaya wa likita idan mai jinyar yana da ciwon sukari. A hanya kuma a riƙa tsayawa inda hali ya yi, ya sauka ya taka kaɗan, ya sha ruwa.

Ruwa

Idan likita bai hana ba, ya sha lita 2 zuwa 3 kowace rana. Ledar ruwa ta kasuwa rabin lita ce, wato leda huɗu zuwa shida ke nan. Ruwan rijiya a tafasa shi, a bari ya huce a tulu mai murfi. Da safe a auna ruwan yini a zuba a mazubi guda, a ajiye kusa da shi, domin kowa ya ga abin da ya rage da la'asar. Ya sha kaɗan kaɗan, yawancinsa kafin magariba, saboda barcin dare. Jakar fitsari ita ce shaida. Idan fitsarin fari ne garau da ɗan rawaya, ruwa ya isa. Idan ya yi duhu kamar shayi, a ƙara. Kofi ɗaya na ruwan ɗumi da sassafe yakan ta da hanji. Goro da shayi mai kauri a rage su, gama sukan tsokani mafitsara.

Mai azumi ya jinkirta har ya warke. Ya nemi shawarar likita da ta malaminsa.

Abinci

Abin da yake tausasa bayan gida shi ne harza da dusar da ke cikin abinci, waɗanda ba sa narkewa. Su ne suke riƙe ruwa a hanji kamar soso. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar ganye da 'ya'yan itace giram 400 a rana, wato kusan cikin tafin hannu biyar. Ƙasar Gobir ba ta rasa su ba.

A kwanakin farko a ba shi abinci mai ruwa ruwa, kaɗan kaɗan, sau biyar ko shida: kunun tsamiya, koko, fura mai ruwa, faten kabewa, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa ko lalo. Sa'ad da iska ta soma fita sosai, ya kuma kewaya sau ɗaya, a ƙara zogale, rama, alayyafo, yakuwa da dankalin Hausa. Masu surfe su rage surfen geron mai jinya, kada a kwashe dusar duka. Gwanda nunanniya, kankana, mangwaro, lemo tare da harzarsa, da dabino uku ko huɗu da aka jiƙa, duk suna taimako. Wake yana da amfani, amma yakan kumbura ciki, sai a bari zuwa mako na biyu, a dafa shi luguf, a fara da kaɗan.

'Yan dubiya sukan kawo burodi, biskit, taliya da lemon kwalba, suna ganin gata ne. Waɗannan, da farar shinkafa da garin kwaki da tsire mai yawa, ba su da harza. A ba yara. A tuna kuma, ganye da dusa ba tare da isasshen ruwa ba sukan ƙara cushe ciki.

Tafiya

Tun ranar da ya iso gida ya tashi ya taka. Minti biyar zuwa goma a tsakar gida, sau huɗu ko biyar a yini, da safe da yamma sa'ad da rana ta yi sanyi. Kowace rana a ƙara kaɗan, daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa ƙofar maƙwabci. Tafiya tana kuma hana jini daskarewa a ƙafa. Amma ban da ɗaukar buhu, jan guga, noma, hawan babur, keke ko jaki, har mako shida ko sai likita ya yarda.

Magani

Idan yana shan tiramol ko makamancinsa, abinci da ruwa kaɗai sau da yawa ba su isa ba. Ya fara maganin tausasa ciki rana ɗaya da maganin zafin, kada a jira sai ciki ya ƙulle. Akwai na ruwa mai zaƙi da ake kira laktulos, wanda yake jawo ruwa cikin hanji. Yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ya yi aiki, saboda haka kada a ce ya gaza a ninka shi. Akwai kuma ƙwayoyin sena da bisakodil masu motsa hanji, ana shansu da dare su yi aiki da safe. A bi awon da likita ya rubuta. Da zarar zafi ya ragu, a tambaya ko farasitamol zai wadatar. Kada a sayi tiramol ko kodin a hannun 'yan talla. Tun shekarar 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin.

Abubuwan da aka hana

Kada a sa kome ta dubura: ko ruwan sabulu, ko maganin matsi, ko yatsa, ko maganin basir na turawa ciki. Bayan an cire furostet, bangon dubura ta gaba ba shi da kauri, kuma yana kan warkewa. Idan ya huje, bayan gida zai haɗu da hanyar fitsari, gyaran wannan kuwa babban aiki ne. Wannan hani yana nan har makonni da dama, sai likitan da ya yi aikin ya ɗage shi da bakinsa.

Kada a ba shi jiƙon filasko, ko jar kanwa, ko maganin wankin ciki na ranar kasuwa. Gaskiya ne ƙwayar sena daga dangin filasko ake yinta, amma ita an auna ta. Jiƙon gida ba wanda ya san ƙarfinsa. Yakan kawo murɗa da zawo, ya tsiyaye ruwan dattijo. Kanwa mai yawa kuma tana cutar ƙoda, tana ta da hawan jini.

A masai

Hanji ya fi motsi kamar minti 20 zuwa 30 bayan karin kumallo. A wannan lokaci ya je, ko da bai ji matsuwa sosai ba. Idan kuwa ya ji, kada ya riƙe saboda baƙi suna zaure. Tsuguno yana buɗe hanya da kyau, amma mai sabon ɗinki ba ya iya tashi daga ƙasa ba tare da yunƙuri ba. A sa kafinta ya huda kujerar katako a tsakiya, a ɗora a bakin masai ko bisa bokiti. A sa tubali ƙarƙashin ƙafafunsa domin gwiwa ta ɗara ƙugu. Ya sunkuya gaba kaɗan, ya dafe mara da naɗaɗɗen zane, ya riƙa fitar da numfashi a hankali kamar mai hura wuta. Kada ya riƙe numfashi. Idan minti goma sun wuce babu kome, ya tashi, a sake gwadawa an jima. Jakar fitsari ta zauna ƙasa da mara, kada roba ta jawu. Ɗan fitsari ko ɗigon jini a gefen roba a lokacin kewayawa yakan faru, ba abin firgita ba ne idan ya tsaya.

Alamun da ba a kwana da su

A tafi babban asibitin Isa ko na Sabon Birni, ko mafi kusa, tare da takardar sallama, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ciki ya kumbura ya yi tauri, ba iska, ga amai.
2. Fitsari ya daina sauka a jaka, mara ta cika tana ciwo.
3. Jini ja wur mai kauri, ko gudaji, a fitsari ko a bayan gida.
4. Zazzaɓi da rawar sanyi, ko ɗinki ya buɗe yana ruwa.
5. Iska ko bayan gida a cikin fitsari, ko fitsari ta dubura.
6. Sabon ciwon baya tare da mutuwar ƙafafu ko rashin ji a mazaunai. Wannan yana iya zama ciwon ne ya danne lakar baya, kuma awoyi kaɗan suna iya raba mai tafiya da gurgu.
7. Kumburin sha-raɓa ɗaya, ko numfashi ya yi wuya.

Idan kwana uku sun wuce a gida yana shan magani bai kewaya ba, a kira likita. A lura kuma: wani lokaci bayan doguwar bushewa, ruwa ruwa yakan riƙa zubowa ta gefen abin da ya toshe. Jama'a sukan ɗauka zawo ne, su sayo maganin tsai da zawo, abin ya ƙara muni. A kai shi ma'aikacin lafiya ya duba, a kuma gaya masa irin aikin da aka yi kafin ya taɓa shi.

Maganar kunya

Dattijo ba zai yi wannan zance da suruka ko jika ba, bai kuwa kamata a tilasta shi ba. A zaɓi mutum ɗaya da yake sakin jiki da shi, matarsa, ko ƙanensa, ko babban ɗansa, ko abokin wasansa. Kowace safiya ya tambaye shi a keɓe: Baba, an kewaya? Da tauri ko da laushi? Ya ja layi da gawayi a bango kowace ranar da aka samu. Ba lalle sai kullum ba. Abin da ake nema shi ne ya fita da laushi, ba yunƙuri, aƙalla sau ɗaya a kwana biyu. Ranar komawa asibiti a ƙirga layukan a gaya wa likita.