Yaron da ba ya waigowa in an kira sunansa

Sau da yawa uwa kan zo kantin magani ta tambaye mu ƙwayar da za ta buɗe bakin ɗanta mai shekara 3. Ba ya magana, ba ya waigowa in an kira shi, ba ya nuna abu da yatsa. Wasu a zango sai su ce aljanu ne ko baki. Mu dai mukan ce a fara gwada jinsa a asibiti. In kunne lafiya yake, mai yiwuwa larurar galahanga ce, wadda likitoci ke kira otizim. A 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma allurar rigakafi ke kawo ta ba.

Babu ƙwayar da ke warkar da ita. Abin da ke taimakawa shi ne koyarwa tun da wuri, cikin wasa da hidimar gida. A Amurka, Sally Rogers da Geraldine Dawson sun tsara irin wannan hanya. Bincikensu na 2010 a kan yara 48 ya nuna waɗanda aka bi da su haka shekara 2 sun fi ci gaba a fahimta da magana.

Ga yadda ake yi. A lura da abin da yaro ke so, a ce ƙosai. Uwa ta tsuguna daidai fuskarsa, ta riƙe ƙosan, ta ce "ƙosai", ta ɗan jira. Ya dube ta, ko ya miƙo hannu, ko ya ce "ƙo", nan take ta ba shi, ta yaba masa. Da haka yake gane cewa magana na biyan bukata. Haka za a yi wajen wanka da sa riga, kullum. Ban da duka, ban da tsawa.

A gidan haya da gidan gandu muna da abin da wasu ba su da shi: kaka, gwaggo da yayye. Kowa ya koyi hanyar, yaro ya samu malamai da yawa.

Kada kunya ta sa mu kulle shi a ɗaki. A gaya wa nas ranar awo, ta tura ku wurin likitan yara, ko a Korle Bu ko a Komfo Anokye. Allah ya raya mana zuri'a.