LAMBU A CIKIN JARKA: YADDA A KE SHUKA BA DA ƘASA BA

Jama'a, kowa ya san yadda zaman zango ya koma a Ankara da Kumasi. Kakanninmu da suka zo fataucin goro da shanu sun tarar da fili, har mutum ya kan yi ɗan lambu a bayan ɗaki. Yau kuwa gida guda ya kan ɗauki iyali goma, tsakar gida an shafe ta da siminti, in wani lungu ya ragu sai mai gida ya ta da ɗaki ya ba da haya. Ganyen miya sai an je kasuwa da kuɗi. Latas ɗin da a ke yanka mana bisa shinkafa da wake kuwa, da yawansa a bakin kwata a ke nomansa, da ruwan kwatar a ke ba shi. Ba zargin masu lambu na ke yi ba, yawancinsu ma 'yan'uwanmu ne daga arewa, ruwan famfo ne ya fi ƙarfin aljihunsu. Amma ganyen da za a ci ɗanye lalle abin dubawa ne ga duk wanda ya ga kwalarar 2014, wadda ta kwantar da mutum fiye da 28,000 a ƙasar nan.

Saboda haka na ga ya kamata mu duba wata dabara da Turawa ke kira haidiroponik, watau aikin ruwa da harshen Girka. Asalin maganar shi ne, shuka ba ta cin ƙasa. Abin da saiwa ke nema cikin ƙasa shi ne ruwa da iska da waɗansu gishiri-gishiri da ke narke a cikin ruwan. Ƙasa rumbu ce kawai, kuma madogara. In ka narka wannan abinci a ruwa, ka sami abin da zai riƙe shukar kada ta faɗi, to, ba ka bukatar gona.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1699 wani Bature a Ingila, John Woodward, ya sa na'ana'a cikin kwalabe, ya ga wadda ke cikin ruwan da aka garwaya da 'yar ƙasa ta fi ta ruwa tsantsa girma. Wajen 1860 waɗansu Jamusawa biyu, Sachs da Knop, suka gano irin gishirin da shuka ke sha, har suka haɗa shi da hannunsu. Wanda ya fid da abin daga ɗakin gwaji kuwa shi ne William Gericke na Jami'ar Kalifoniya a Amurka, wanda ya fara shelarsa a 1929, ya shuka tumatir a ruwa har tsawonsa ya kai ƙafa 25. A 1937 aka raɗa wa dabarar sunan da ta ke da shi yanzu. Mu ma labarin ya ɗan gifta ta kusa da mu. Lokacin yaƙin Hitila, jiragen saman Amurka da ke tasowa daga Barazil zuwa Ankara su kan yada zango a wani tsibiri mai suna Ascension a tsakiyar teku, wanda yawancinsa dutse ne ƙonanne. A 1945 sojan Amurka suka yi lambu a can cikin tsakuwa da ruwan taki, suna cin latas da tumatir. A 2015 har 'yan sama jannati sun ci latas ɗin da suka shuka a tasharsu ta sararin sama.

To, duk wannan ya nuna abin gaskiya ne. Tambayar da ta dame mu ita ce, wace hanya ce ta dace da mai ɗaki ɗaya da baranda?

'Ya'yanmu da ke Landan da New York su kan aiko da hoton wani ɗan akwati mai fitila a bisa, da ganye ko furanni suna toho a cikin falo. Yana da kyaun gani, kuma su yana da amfani a gare su, zama da hunturu ranarsu gajeriya ce, ba ta da ƙarfi. Amma mu yi lissafi irin na akawu. Fitila mai wat 100, a kunna ta sa'a 14 kullum, a wata guda ta ci yunit 42 na lantarki. A gidan da mita ɗaya ce kowa ke zuba kuɗi, wannan kaɗai ya isa a kai ƙara gun mai gida. Ga kuma injin tura ruwa, wanda in wuta ta ɗauke saiwoyi su bushe kafin la'asar. Wanda ya zauna ƙasar nan a 2015, shekarar da dumso ta yi tsanani, ba ya bukatar a yi masa bayani. Kada kuwa a ce talauci ne ya sa na faɗi haka. Manyan kamfanonin Amurka da suka zuba miliyoyin dala cikin irin wannan noma su ma sun sha wuya. A 2023 AeroFarms, wanda ke noma da fitila hawa bisa hawa, ya kai kansa kotu bisa bashi, a 2024 kuma Bowery ya rufe ƙofa. Rana kyauta ce a wurinmu, sayen haske da kuɗi a ƙasar da rana ke ƙone ƙeya wauta ce.

Hanyar da na ga ta dace da mu ita ce ta wani malami a Jami'ar Hawaii, Bernard Kratky. Ba inji, ba lantarki. A sami jarka, ko irin rawayar nan da mu ke kira galan ɗin Kufuor, a wanke ta sarai in ta taɓa ɗaukar mai. A kwantar da ita, a huda ramuka uku ko huɗu a bayanta, ko wane rami daidai bakin ƙaramin kofin roba. A hudhuda gindin kofin, a cika shi da zaren ɓawon kwakwa ko buntun shinkafa, a dasa ɗan tsiro mai ganye biyu ko uku. Ɓawon kwakwa kuwa ga shi nan tuli a ko wace tasha, sai dai a jiƙa shi a ɗauraye sau da yawa, domin ya kan zo da gishiri. Sa'an nan a zuba ruwan taki har ya taɓa gindin kofin.

A nan hikimar ta ke. Shuka tana shan ruwa, ruwan yana sauka, saiwa tana binsa ƙasa. Filin da ya ragu tsakanin kofi da ruwa ya cika da iska mai laima, saiwoyin sama su riƙa numfashi a nan. Saboda haka kada tausayi ya sa ka cika jarkar har baki bayan mako biyu. In ka yi haka ka nutsad da saiwar numfashi, shuka ta yi yaushi ta mutu tana tsakiyar ruwa. In ƙari ya zama dole, a ƙara kaɗan, kada ya wuce rabi. Gindin latas guda ya kan sha kamar lita 4 zuwa 6 daga dashe har girbi, cikin mako biyar ko shida.

Wurin da mutane su kan faɗi shi ne taki. Takin buhu na 15-15-15 da a ke sayarwa ko'ina an yi shi domin gona ne, ba ya narkewa duka, kuma ba shi da waɗansu abubuwa, kamar kalsiyam da maganisiyam da ƙarfe, waɗanda a gona ƙasa ce ke cika su. A jarka kuwa abin da ka zuba shi ke nan. Sai a nemi takin da aka haɗa musamman domin ruwa a kantin kayan noma. Wani haɗi da aka sani shi ne gram 10 na taki mai lamba 4-18-38, da gram 5 na gishirin Epsom, irin wanda tsofaffi ke sha don wankin ciki, da gram 10 na kalsiyam naitiret, a lita 20 ta ruwa. A narka ko wanne shi kaɗai, na kalsiyam ya shiga daga ƙarshe, in ba haka ba su dunƙule su kwanta a gindi kamar alli.

Sai zafi. Ruwa in ya ɗumama iskar cikinsa ta kan ragu, saiwa ta ruɓe. A naɗe jarkar da buhu, ko a shafa mata baƙin fenti sa'an nan fari a bisa, domin haske in ya shiga gansakuka ta kan cinye takin. A ajiye ta inda hantsi ke samunta, inuwa ta rufe ta da azahar. Bakin taga mai haske sosai ko baranda ya isa ganye, amma cikin ɗaki mai duhu ba abin da zai fito sai dogon kara fari. Abu guda kuma ba na wasa ba ne: a toshe ko wace kafa, a ɗaure murfi. Ruwa a kwance a buɗe gidan sauro ne, ba kuwa za mu sayi zazzaɓi domin mu ci latas ba.

Me za a shuka? Ganye. Latas, da alayyafo, da na'ana'ar shayi, da ayoyon miyar tuwo, waɗanda a ke tsinka su sake toho. Alayyafo da ayoyo ma sun fi latas jure zafinmu, shi latas in ya sha rana ya kan yi tozo ya yi ɗaci. Tumatir da tattasai suna yi, amma su mashaya ne, sai babbar ganga da ƙarin ruwa a kai a kai, mai koyo ya dakata tukuna. Furanni ma suna yi, a Holan yawancin furen tulif na kasuwa bisa ruwa a ke fid da shi, amma ni dai in jarka ɗaya gare ni, miya zan ba ta. Doya da rogo da masara kuwa a bar wa gona, wanda ya ce maka zai ci da iyali tuwo daga baranda tatsuniya ya ke yi.

Mai son ɗora jarkoki bisa bene ya tuna lita guda ta ruwa kilo guda ce. Jarka 20 masu lita 25 sun kai kilo 500. Rufin kwano ba zai ɗauka ba, na kankare ma a tambayi magini da mai gida kafin a hau da su.