Rarraba Aiki a Cikin Kwamfuta: Misali Daga Harshen Erlang

Abin da za mu duba shi ne yadda kwamfuta kan sarrafa bayanai masu yawa a lokaci guda. Wajen shekarar 2005 zafi ya hana maƙera ƙara wa ƙwaƙwalwar kwamfuta sauri, sai suka koma jera ƙwaƙwale da yawa cikin na'ura ɗaya. To, amma hannu da yawa ba ya maganin ƙazamar miya sai da tsari, domin in ayyuka biyu suka canza bayani ɗaya tare, lissafi ya ɓaci ke nan.

Harshen Erlang, wanda Joe Armstrong da abokan aikinsa suka fara a kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin a 1986, ya tunkari matsalar ta hanyoyi uku. Na farko, bayanin da aka kafa ba a canza shi, sai dai a samar da sabo. Na biyu, kowane ƙaramin aiki da ma'ajiyarsa, ba ya hulɗa da ɗan'uwansa sai ta saƙo. Na uku, in ɗaya ya faɗi, mai sa ido ya ta da wani a madadinsa, sauran kuwa su ci gaba. A kan wannan harshe aka gina na'urorin da ke isar da saƙonnin WhatsApp.